Tarihin SAS: daga gonar gwaji zuwa kamfanin da ya ƙi sayar da kansa

Idan kundin digiri na wani ɗalibin aikin gona ya taɓa shigowa hannunka, ko na Samaru ne, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko na Aliero, leƙa ƙarshen babi na uku. Sau da yawa za ka tarar da ɗan layi guda da ke cewa an yi nazarin alƙaluman da SAS, an kuma tantance bambancin sakamako da gwajin Duncan. Ɗalibai da yawa gadon layin nan suke yi daga kundin wanda ya gabace su. Kaɗan ne za su iya gaya maka wa ya yi SAS ɗin, ko me ya sa aka yi ta.

SAS manhaja ce ta nazarin alƙaluma. Sunan ya fito daga haruffan farko na Statistical Analysis System, wato tsarin nazarin ƙididdiga. Kamfanin da ke da ita, SAS Institute, yana garin Cary a jihar Karolina ta Arewa a Amurka, kuma cinikinsa na kai kimanin dala biliyan 3 a shekara. Ga abin da ya raba shi da manyan takwarorinsa: ba za ka iya sayen hannun jarinsa ba ko da kana da kuɗin. Mutum biyu ne ke da shi, James Goodnight mai kimanin kashi biyu cikin uku, da John Sall mai ragowar. Haka yake shekara da shekaru. Yadda aka yi hakan ta yiwu, da abin da ya jawo wa masu bincike irin namu, shi ne labarin. Amma daga gona za mu fara, don a can aka haifi matsalar da SAS ta zo warwarewa.

Taki ne, ko ƙasa ce?

A ce kai manomin albasa ne a bakin kogi a ƙasar Yauri, inda Gungawa suka daɗe da shahara a wannan noma. Ka zuba takin zamani a fangali ɗaya, ka zuba takin gida a wani, na uku ka bar shi haka nan. Da aka zo cira sai na takin zamani ya fi cika buhu. To, takin ne ya yi aiki? Wataƙila. Amma wataƙila kuma fangalin ne ya fi kusa da ruwa, ko ƙasarsa ta fi laka, ko tsutsa ce ta fi addabar sauran biyun. Ko ba ka zuba komai ba, ai fangali uku ba za su ba ka buhu daidai wa daida ba.

Wannan tambaya ce ta sha wa masu binciken noma kai har zuwa 1919, lokacin da tashar gwajin noma ta Rothamsted a Ingila ta ɗauki wani masanin lissafi, Ronald Fisher, ya duba mata alƙaluman amfanin gona da take tarawa tun 1843. Dabarar da Fisher ya kawo mai sauƙin faɗi ce. Kada ka gwada sau ɗaya, maimaita. Ka raba gonar jeri-jeri, a ce jeri huɗu daga bakin ruwa zuwa tudu, kowane jeri ka sa duka nau'in takin uku a cikinsa, kuma ƙuri'a ce za ta zaɓi fangalin da kowanne zai faɗa, ba son ranka ba. Ka samu fangali 12 kenan. Sai ka ɗauki bambancin da ke tsakanin amfaninsu ka kasa shi uku: kason da jeri ya jawo, kason da taki ya jawo, da kason da ba ka san dalilinsa ba. Idan kason taki ya rinjayi kason da ba a san dalilinsa ba da tazara mai yawa, kana da hujjar cewa takin ya yi aiki. Wannan shi ne abin da masu bincike ke kira ANOVA.

Fangali 12, da biro da takarda ma za ka gama lissafin kafin la'asar. Amma mai binciken iri ba haka yake aiki ba. A ce iri 20 zai gwada, a wurare 5, shekara 3, kowanne a maimaita sau 4. Fangali 1,200 kenan, kuma a kowanne za a auna tsayi, da nauyi, da ranar fure, da sauransu. Sannan ga babbar masifa: lissafin Fisher mai sauƙin nan yana tafiya ne idan komai ya cika cif. Ranar da dorina ta fito daga kogi ta tattake maka fangali biyu, ko ambaliya ta cinye rabin jerin bakin ruwa, gwajin ya karkace, gajeriyar hanyar lissafi ta daina aiki. Riƙe maganar dorinar nan, za mu dawo kanta.

Ilimin Fisher ya samu gindin zama a Karolina ta Arewa ta hannun wata mata, Gertrude Cox, wadda ta je Jami'ar Jihar da ke Raleigh a 1940 ta kafa sashen ƙididdigar gwaje-gwaje. Labarin zuwan nata ma abin ji ne. An nemi maigidanta a wurin aiki, George Snedecor, ya ba da sunayen waɗanda suka cancanta, sai ya jero maza zalla. Da ta tambaye shi ina nata sunan, shi ne ya ƙara shi a ƙasan wasiƙar. Ita aka ɗauka. Sashen da ta gina ne ya zama cibiyar lissafi ga tashoshin gwajin noma na kudancin Amurka.

Yadda aikin jami'a ya zama kamfani

A 1964 kamfanin IBM ya fito da manyan kwamfutocinsa na System/360, irin masu cin ɗaki guda. Jami'o'in da suka saye su sai suka ga tsofaffin manhajojinsu ba sa aiki a kai. Maimakon kowa ya rubuta tasa, sai jami'o'i takwas na kudancin ƙasar masu tashoshin gwajin noma suka haɗa kai a yi guda ɗaya da za ta yi wa kowa. Aikin ya faɗo wa Raleigh. Anthony Barr ne ya fara shi a 1966, ya tsara ginshiƙin manhajar da yaren da ake ba ta umarni. Zuwa 1968 James Goodnight, ɗalibin ƙididdiga a lokacin, ya shigo yana rubuta sassan lissafin. Kuɗin aikin daga cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, NIH, yake fitowa.

Hikimar Barr ita ce ya raba aikin gida biyu. Mataki na farko ka shigar da alƙalumanka ka gyara su. Mataki na biyu ka kira duk irin lissafin da kake so a yi a kansu. Yau wannan ba abin mamaki ba ne, amma a lokacin kowane lissafi da manhajarsa, kowace kuma da yadda take son a jera mata lambobi.

A 1972 NIH ta janye tallafinta, don ta fi son ayyukan da suka shafi lafiya kai tsaye. Nan ne aka yi abin da, a ganina, ya shata hanyar kamfanin har yau. Jami'o'in nan suka yarda kowacce ta riƙa ba da dala 5,000 duk shekara don kada aikin ya mutu. Lura da kyau: ba sayen manhajar suka yi sau ɗaya ba, biya suke yi shekara-shekara, ana gyara ta ana ƙara mata abubuwa. Daga nan kamfanonin magunguna, da na inshora, da hukumomin gwamnati suka fara neman a ba su su ma bisa wannan sharaɗi. John Sall ya shigo a 1973, Jane Helwig kuma ta ɗauki rubuta littafin koyon amfani da manhajar.

Zuwa 1976 masu amfani da SAS sun kai wurare kimanin 100, kuma taron farko da suka shirya wa kansu a Florida ya tara mutum sama da 300. Harka ta fi ƙarfin ofishin jami'a. A watan Yuli na shekarar mutum huɗun nan suka fita suka yi rajistar kamfani, suka kama ofis a titin Hillsborough, tsallaken jami'ar. Manhajar a lokacin layi kimanin 300,000 ce. A zamanin da ake rubuta kowane layi a kan kati mai huji, kwali guda na cin kati 2,000, ka ga kwali 150 kenan.

To, dawo kan dorina. A fitowar SAS ta 1976 ne Goodnight ya sa wani sashe mai suna GLM, wanda ke iya yin lissafin Fisher ko da gwajin ya karkace, ko da wasu fangali sun salwanta, ko wani rukuni ya fi wani yawa. Gwajin da ake yi a duniyar gaske kuwa kusan kullum a karkace yake. Shuka na mutuwa, dabbar gwaji na ciwo, majinyaci na daina zuwa asibiti. Wannan sashe na cikin abubuwan da suka sa masu bincike suka rungumi SAS, kuma har gobe shi ne ɗalibanmu na noma da kiwo suka fi kira.

Barr ya sayar da kasonsa ya tafi a 1979. Helwig ma ta tafi, ta koma karatun likita. Aka bar Goodnight da Sall. A 1980 suka koma Cary, cikin wani fili mai dazuzzuka, inda hedikwatar take har yanzu.

Haya, ba sayarwa ba

Kamfanin kimiyya da ke son girma da sauri yakan karɓi kuɗin masu zuba jari, daga baya ya shiga kasuwar hannun jari. Daga ranar kuma ya shiga hannun mutanen da ke son ganin riba duk wata uku. SAS bai bi wannan hanya ba, don bai buƙata ba. Tun ranar da aka buɗe ofis akwai masu biyan kuɗin lasisi, kuma mafi yawansu sabuntawa suke yi duk shekara. Kamar mai gidajen haya ne da 'yan hayarsa ba sa tashi: tun watan Janairu ya san kusan abin da zai shigo masa kafin Disamba.

Me ya hana su tashi? Ba son kamfanin kaɗai ba ne. Bankin da ya shekara goma ma'aikatansa na rubuta dubban umarni da yaren SAS, ranar da ya daina biya duk aikin nan ya tsaya cik. A harkar magunguna abin ya fi haka ƙarfi. Tun ƙarshen shekarun 1990 hukumar FDA, takwarar NAFDAC a Amurka, take karɓar alƙaluman gwajin magani a wani tsarin fayil da SAS ya ƙirƙiro. Hukumar ba ta ce dole sai da manhajar SAS za a yi lissafi ba, amma wane kamfani ne zai yi kasada da maganin da ya kashe wa miliyoyin daloli?

Wannan kuɗin da ke shigowa a kai a kai ya ba Goodnight damar yin abin da masu hannun jari ba za su lamunta ba cikin sauƙi. Kamfanin ya daɗe yana mayar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na cinikinsa ga bincike da gyaran manhaja. A tsakiyar shekarun 1980, da ƙananan kwamfutoci suka fara yawa, sai suka zauna suka sake rubuta manhajar gaba ɗaya da yaren C, don ta yi aiki a kan kowace irin na'ura ba ta IBM kaɗai ba. Aikin shekaru ne, mai cin kuɗi, wanda mai saye ba ya ganin amfaninsa nan take. Ba don shi ba da SAS ta bi manyan kwamfutocin nan zuwa ɗakin ajiyar kayan tarihi. A 1989 Sall ya fito da wata manhajar daban, JMP, don kwamfutar Macintosh. Cinikin kamfanin ya haura dala biliyan 1 a 1999, biliyan 2 a 2007, biliyan 3 a 2013.

An yi ta rubutu a kan yadda SAS ke kula da ma'aikatansa: gidan renon yara a harabar kamfani tun 1981, asibiti, wurin motsa jiki, har da alewar M&M's da ake rabawa ranar Laraba. Mujallar Fortune ta sa shi na ɗaya a jerin wuraren aiki mafi daɗi a Amurka a 2010 da 2011. Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin tsabar kirki ba, lissafi ne. Wanda ya shekara 15 yana aiki a kan manhaja mai miliyoyin layuka, in ya tafi ya tafi da ilimin da ba a rubuta a ko'ina ba, kuma kuɗin renon ɗansa bai kai kuɗin horar da sabo ba. Gwajin gaske ya zo a farkon 2009, lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe, kamfanoni na ta sallamar mutane. Goodnight ya sanar cewa ba wanda za a kora a shekarar. Ya iya faɗin haka ne don ba wanda zai kira taron masu hannun jari ya tsige shi.

A daidai wannan tsakanin aka haɗiye takwarorinsa ɗaya bayan ɗaya. Oracle ya saye Hyperion a 2007, SAP ya ɗauke Business Objects, IBM ya ɗauke Cognos, sannan a 2009 ya ƙara da SPSS a kan dala biliyan 1.2. SPSS ɗin nan da ɗalibanmu na ilimin zamantakewa suka sani, ita ma a jami'a aka haife ta a 1968, amma ta shiga kasuwar hannun jari, kuma abin da ke kasuwa ai na mai kuɗi ne.

Abokin hamayyar da ba ya karɓar ko sisi

Wanda ya girgiza SAS ba kamfani ba ne. A farkon shekarun 1990 wasu malamai biyu a Jami'ar Auckland ta ƙasar Niyu Zilan, Ross Ihaka da Robert Gentleman, suka fara wani yaren ƙididdiga don koyar da ɗalibansu, suka sa masa suna R, suka sake shi kyauta. Cikakkiyar fitowarsa ta farko ta zo a 2000. Duk wanda ya ƙirƙiro sabuwar dabarar lissafi sai ya rubuta ta da R ya ɗora a intanet, kowa ya sauke. Daga baya yaren Python ya biyo ta wannan hanya. Jami'o'in da suka raini SAS suka koma koyar da waɗannan, ɗaliban da suka fito kuma suka shiga bankuna da kamfanoni da abin da suka iya.

SAS ya yi shari'a ma don kare yarensa. Wani kamfanin Ingila, World Programming, ya yi manhajar da ke karanta umarnin SAS ta aiwatar da shi a farashi mai rahusa. A 2012 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa haƙƙin mallaka bai shafi aikin da manhaja ke yi ko yaren da ake ba ta umarni ba, rubutun cikinta kaɗai ya shafa. A Amurka kuma SAS ya yi nasara ta fuskar karya sharaɗin lasisi, aka yanke masa diyyar kimanin dala miliyan 79. Ya fito da sabon tsari mai suna Viya a 2016 wanda ke aiki tare da R da Python, a 2019 kuma ya yi alƙawarin zuba dala biliyan 1 a ƙirƙirarriyar basira. Duk da haka, tun 2013 cinikinsa na nan yana kewaya biliyan 3, alhali harkar nazarin bayanai a duniya ta ninka kanta.

A wajenmu lissafin ya fi tsanani, don hayar da dala ake biya. A 2014 dala ɗaya ba ta kai naira 200 ba, a 2024 ta haura 1,500. Shi ya sa za ka ga kundin da aka rubuta kwanan nan yana ambaton SAS ta 2002 ko 2003. Tsohon kwafi ne ke yawo daga filasha zuwa filasha, wasu har sai sun mayar da kwanan watan kwamfutarsu baya kafin ta yarda ta buɗe, don lasisin ya daɗe da ƙarewa. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Kamfanin na da ƙofar kyauta ga ɗalibai, SAS OnDemand for Academics, sai dai a intanet take aiki. Wanda ke tattara alƙaluma a ƙauyukan Shanga ko Ngaski ya san yadda sabis yake a can. R kuwa sau ɗaya za ka sauke, ka yi ta aiki ko babu sabis.

Kada ka ɗauka wannan rigimar 'yan jami'a ce kawai. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ba wanda ya taɓa ƙirga kifin tafkin ɗaya bayan ɗaya, kuma ba mai iyawa. Abin da masu bincike na cibiyar kifi ta New Bussa suka yi, musamman a ƙarƙashin shirin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus da aka fara a 1993, shi ne su zaga ƙauyukan bakin tafki su ƙirga jirage da kayan su, su auna kamun wasu masunta a wasu ranaku, sannan su yi lissafin na tafkin gaba ɗaya. Irin waɗannan alƙaluma ne suka zama hujjar hana tarun da ke kwashe 'ya'yan kifi a ƙarshen shekarun 1990. Ka ga kenan abin da masunci zai jefa a ruwa, da abin da za a kawo kasuwar Yauri, na iya rataya a kan lissafin da wani ya yi a kwamfuta. Idan alƙaluma irin waɗannan na ajiye a tsarin da sai mai lasisi zai buɗe cikin sauƙi, ko umarnin lissafin na cikin yaren da sai an biya haya zai motsa, to ɗalibin da ya zo bayan shekara 20 yana son ya sake dubawa zai sha wuya. Shawarata ga duk mai tattara alƙaluma, ko da wace manhaja yake aiki, ya ajiye kwafi a fayil na rubutu zalla wanda kowace kwamfuta za ta karanta.

Shi kansa kamfanin yanzu yana fuskantar tambayar da zaman kansa ya jinkirta. An haifi Goodnight a 1943, Sall a 1948. A watan Yuli na 2021 labari ya fito cewa kamfanin Broadcom na tattaunawar sayen SAS a kan dala biliyan 15 zuwa 20. Cikin 'yan kwanaki maganar ta watse, Goodnight ya shaida wa ma'aikata cewa kamfanin ba na sayarwa ba ne. Kafin watan ya ƙare sai ga sanarwa cewa za su shirya shiga kasuwar hannun jari zuwa 2024. Shekarar 2024 ta zo ta wuce kamfanin na hannun mutum biyun nan, Goodnight kuma na kan kujerar da ya hau tun 1976.